Salular taka ce, ko aro aka ba ka?

A ƙarshen watan Agusta na 2025 kamfanin Google ya fitar da wata sanarwa da ba ta samu ko rabin surutun da mutuwar auren ƴar fim ke samu a zaurukanmu ba, alhali ta shafi kusan duk mai riƙe da babbar salula daga Damagaram har Kumasi. Abin da ke cikinta shi ne, nan gaba duk wayar Android mai hatimin Google ba za ta karɓi manhaja ba sai in wanda ya rubuta ta ya yi rajista da Google, ya ba da sunansa na gaskiya da adireshinsa da lambar wayarsa, in an nema har da katin shaida na hukuma. Masu kai hajarsu Play Store sun daɗe suna yin haka. Sabon abin shi ne dokar za ta hau kan manhajar da ba ta taɓa bi ta Play Store ba, wadda abokinka ya tura maka ta Xender, ko ka sauke daga wani shafi, ko aka zuba maka a memori a kasuwa.

Jadawalin da suka bayar ya ce a fara a watan Satumba na 2026 da ƙasashe huɗu, Burazil da Indunusiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma su biyo baya daga 2027. Mu muna cikin sauran duniyar, kamar kullum. Kada kuma wani ya ce tasa ba ta Google ba ce. Tecno, Itel, Infinix, Samsung, Redmi, matuƙar ka buɗe kwalin ka tarar da Play Store a ciki, to da ita ake.

Ni a ganina wannan ƙwace ne da aka yi wa rawani. Amma kafin a ce ina cikin masu son a saki kowa ya yi abin da ya ga dama, bari in fara da wurin da doka take da gaskiya, domin da gaskiyar nan ce ake fakewa a miƙa hannu inda bai kamata ba.

Salula rediyo ce, mai ji kuma mai magana. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da dare yana neman tasha a gajeren zango, ya ji tashoshi biyu sun hau kan juna har ba a gane ko ɗaya, ya san iskar nan da muke gani fili ba ta da faɗin da ake zato. Kamar burtali take. In manomi ya ci burtali da garma, ko makiyayi ya kauce ya faɗa gona, rigima ce, kuma wanda bai ji ba bai gani ba yana iya kwana a ciki. Shi ya sa ƙasashe ke zama a ƙarƙashin ƙungiyar ITU, wadda asalinta ya koma 1865, su raba zango, kowace ƙasa kuma ta kafa mai tsaron rabonta: ARCEP a Nijar, NCC a Najeriya, NCA a Gana, ART a Kamaru. Cikin aikinsu akwai duba kowane samfurin waya kafin a shigo da shi, a tabbatar yana magana a zangon da aka ware, ƙarfin aikawarsa bai wuce ƙima ba, lambar IMEI ɗinsa mai alƙaluma 15 ba ta jabu ba ce. Wannan ba ni da ja a kansa. In ma da ƙorafi, shi ne aikin bai kai inda ake so ba, ganin irin cajar da batirin da ke cike da kasuwanninmu.

Dalilin da ya halatta wannan iko guda ɗaya ne: na'urata tana iya cutar da layin maƙwabcina. Inda cutar ta tsaya, nan ikon ya kamata ya tsaya. Kuma ba ni na ƙirƙiro iyakar nan ba, a Amurka aka shata ta, ƙasar su Google ɗin.

Kafin 1968 kamfanin AT&T ne ke da layin tarho a mafi yawan Amurka, shi ne kuma ke da kan tarhon da ke ɗakinka. Haya kake biya, kuma ba ka da izinin jona wani abu a layin in ba nasa ba. Hujjarsa tsaro ce, wai baƙuwar na'ura za ta lalata layi. Sai wani mutumin Texas mai suna Thomas Carter ya ƙera wata na'ura, Carterfone, mai haɗa rediyon oba-oba da layin tarho, domin ma'aikacin da ke can filin haƙar mai ya yi magana da gida. AT&T ya hana. Magana ta kai gaban hukumar sadarwar ƙasar, FCC, a 1968 ta yanke cewa mutum yana da damar jona duk abin da ya so matuƙar bai cutar da layin ba. Ta wannan ƙofa ce na'urar fakis ta yaɗu, da na'urar ɗaukar saƙo, da modem ɗin da ya shigar da intanet gidajen mutane. Da hujjar AT&T ta ci a ranar, da wuya a ce an samu kasuwar da Google ya tsiro a cikinta.

An sake gwada iyakar a kusa-kusan nan, a kan na'urorin Wi-Fi na gida. Wasu masu aiki a zangon gigahaz 5 sun riƙa shiga wa na'urorin hangen hadari na filayen jiragen sama, wanda ba abin wasa ba ne. A 2014 FCC ta tsaurara doka, a 2015 kuma ta fitar da takardar da ke tambayar masu ƙera na'urorin yadda za su hana a sauya manhajar ciki, har ta ambaci sunan DD-WRT, ɗaya daga cikin manhajojin kyauta da mutane ke ɗorawa. Kamfanoni suka ga hanya mafi arha ita ce a kulle na'urar gaba ɗaya, kuma TP-Link ya kama hanyar yin haka a 2016. Masana suka yi caa, hukumar ta fito ta ce ba nufinta ke nan ba. A watan Agusta na shekarar ta ci TP-Link tarar dalar Amurka 200,000 saboda na'urorinsa na iya wuce ƙarfin da aka yarda, a cikin yarjejeniyar kuma kamfanin ya amince ya yi aiki domin a iya ɗora manhajar waje ba tare da an taɓa ɓangaren rediyo ba. Ke nan ana iya kulle bakin na'ura a bar cikinta a buɗe.

A salula ma rabuwar ta fi fitowa fili. Ɓangaren da ke magana da eriyar kamfani yana da tasa manhajar daban, wadda mai waya ba ya gani. Manhajar lokutan salla, ko ta rubutun ajami, ko ta lissafin adashi, ba ta da hanyar ƙara wa wayarka ƙarfin aikawa balle ta shiga wa jirgin sama. Saboda haka hujjar burtali ba ta nan ko kaɗan. Google ma bai ce tana nan ba. Abin da ya ce shi ne yana kare mu daga ɓarayi, kuma bincikensa ya nuna muguwar manhaja ta ninka fiye da sau 50 a abubuwan da ake saukewa daga waje in an kwatanta da Play Store. Ya kuma ce ba zai duba abin da ke cikin manhaja ba, mai ita kawai zai tantance, kamar yadda ake duba katin matafiyi a filin jirgi.

Akwai ɓarayin, ba ƙarya ba ne. Duk mun san manhajojin banki na bogi, mun san GBWhatsApp da ƴan uwanta da matasa ke ɗorawa don ganin saƙon da aka goge, ba tare da sanin hannun wa hirarsu ke bi ba. To amma a duba inda cutar da ta fi ƙona mutanenmu ta fito. Manhajojin ba da bashi da suka riƙa kwashe lambobin mutum suna tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne, da yawansu a Play Store suke zaune, da rajistarsu da komai. Sai da hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshinsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma umarci a cire wasu daga kantunan manhaja. A 2020 kuma wani binciken tsaro ya gano muguwar manhaja a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, a ƙasashe irin su Habasha da Masar da Gana da Kamaru, tana shigar da mutane rajistar abubuwan da ba su nema ba tana cinye musu kati. Ba Xender ta kawo ta ba, da ita wayoyin suka fito daga kwali. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta shigo, ya fitar da gyara. Rajistar marubuta manhaja ba za ta hana ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Batun katin shaida kuwa, mun ga irinsa. Tun Disamba na 2020 aka tilasta wa ƴan Najeriya haɗa layinsu da lambar NIN, tsofaffi suka sha rana a layi, aka toshe miliyoyin lambobi, masu garkuwa da mutane ba su fasa kiran iyalai ta waya ba. Ɓarawon da ke da jarin rubuta manhajar sata ba zai rasa jarin sayen katin wani ba. Shingen takarda mai gaskiya yake tarewa, shi ne ba ya iya ƙarya kuma ba ya da kuɗin zagayawa.

Wane ne mai gaskiyar a nan? Ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Maraɗi da ya rubuta ƴar manhaja don makarantar unguwarsu ta riƙa ajiye sakamakon yara. Malami ne da ya tara littattafan ajami a fayil ɗaya yana raba wa almajirai. Ƙungiyar manoma ce da wani ɗansu ya yi musu abin lissafin taki. Waɗannan ba su taɓa tunanin Play Store ba, kuma suna da dalili. Kuɗin rajista dala 25 ne, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato wajen jikka 15, kuma sai da katin banki mai aiki a waje. Sabon mai asusu na ƙashin kansa sai ya samo mutum 12 sun gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar. Ƙungiya kuma sai ta nemo lambar D-U-N-S daga wani kamfanin Amurka. Ga maganar adireshi, a garuruwan da kwatancen gida shi ne bayan masallacin Juma'a, ƙofa ta uku daga mai shayi. Duk wannan wahala a da tana da mafita: ka haɗa fayil ɗin APK, ka tura wa mutum goma, su tura wa ɗari, ba data ba banki. A ƙasar da kati ke cin rabin kuɗin cefane, hanyar nan ita ce babbar hanya, Play Store ne ɓarauniya.

Da kuka ya yi yawa, musamman daga masu F-Droid, kantin manhajojin kyauta da ke aiki tun 2010, waɗanda suka ce dokar za ta kashe aikinsu, Google ya sassauta harshe. Ya ce za a yi wa ɗalibai da masu yi don sha'awa asusu mai sauƙi da zai ba su damar rabawa ga wayoyi ƙalilan. Ya ce mai kwamfuta da kebul zai iya ɗora abin da ya so. A Nuwamba na 2025 ya ƙara da cewa zai bar wata hanya ta musamman ga ƙwararru da suka yarda su ɗauki kasada. Wasu sun ji haka sun ce magana ta ƙare. Ni ban ga ta ƙare ba. Abin da jiya hakkinka ne yau ya koma alfarma, wanda ya yi alfarmar kuma shi ke auna faɗinta, ya rage ta ran da ya so ba tare da ya tambayi majalisar kowace ƙasa ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

A lura kuma da lokacin. A Disamba na 2023 masu taya alƙali hukunci a San Faransisko suka samu Google da laifin babakere a kasuwar manhajar Android, a ƙarar da kamfanin Epic ya shigar. A ƙarshen Yuli na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, wanda ke tilasta buɗe ƙofa ga wasu kantuna. Ba a cika wata guda ba sai ga sanarwar rajista. Ba na karanta zuciyar kowa. Amma ɗan kasuwar da ke karɓar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na cinikin rumfarsa, kotu ta ce ya bar wasu su kafa rumfa, washegari ya naɗa kansa mai gadin ƙofar kasuwar gaba ɗaya, ba zai yi mamaki ba in an kalle shi sau biyu.

Mai son ganin ƙarshen hanyar nan ya dubi iPhone, inda tun farko babu ƙofa sai ta Apple. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN daga kantinsa na Sin. A Oktoba na 2019 ya cire HKmap.live da masu zanga-zangar Hong Kong ke amfani da ita. A Satumba na 2021, ranar da aka fara zaɓen majalisar Rasha, Apple da Google duka suka cire manhajar ƴan adawa ta su Alexei Navalny. Wata guda bayan haka Quran Majeed ta ɓace daga kantin Apple na Sin bisa buƙatar hukumomi, wata manhajar Baibul ma ta fita a lokacin. Kada a ce sai a ƙasashen kama-karya: a Oktoba na 2025 Apple ya cire ICEBlock, manhajar da ke sanar da inda jami'an kamen baƙi suke, bayan gwamnatin Amurka ta nema. Mai Android kuwa yana da wata ƙofa, yana iya karɓar fayil daga hannun abokinsa. Ƙofar nan ce ake son sa wa kwaɗo. Google ya ce ba zai duba ciki ba, na ji. Amma duk wanda ke riƙe da littafin sunaye yana iya soke suna, kuma duk gwamnatin da ta san akwai littafin ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Ga kuma takunkumi. Google kamfanin Amurka ne, dokar Amurka yake bi. Da aka sa Huawei a baƙin littafi a Mayu na 2019, sabbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google. A 2017 Apple ya cire manhajojin ƴan Iran daga kantinsa saboda takunkumi, har da ta kiran tasi. Ƴan uwanmu na Sudan sun yi shekara 20, daga 1997 zuwa 2017, ƙarƙashin takunkumin da ya rufe musu hidimomin kamfanonin Amurka da dama. Mu a Nijar ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Agusta na 2023 mun ga yadda gari ke zama in makunnin wutarsa yana hannun wani. Ko mutum yana goyon bayan wa a rigimar, darasin makunni ɗaya ne.

Na san abin da wasu za su ce a nan, tunda zamani ne na maganar ƴancin kai: a karɓe makullin daga Kalifoniya a ba gwamnatocinmu. Allah ya kiyaye. Chadi ta toshe shafukan zumunta wata 16, daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019. Kamaru ta yanke intanet a yankunan masu Ingilishi wata uku a farkon 2017. A nan gida an katse intanet ɗin salula kwana goma bayan zaɓen Fabrairu na 2021. Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022. Inda toshe shafi aka yi, da VPN mutane suka riƙa leƙa duniya, da yawa kuma daga wayar maƙwabci suka karɓa. Hukumar da ta yi wannan da makunni, me za ta yi in aka ba ta littafin sunayen duk mai rubuta manhaja a ƙasar? Makullin ba na Google ba ne, ba na minista ba ne, na wanda ya ƙirga kuɗinsa ya sayi wayar ne.

Abin da nake nema daga hukumominmu ƙarami ne, kuma yana cikin ikon da suke da shi tun yanzu. Babu samfurin wayar da ya kamata ya shigo kasuwa sai da takardar amincewarsu. Turawa sun nuna abin da takardar nan ke iya yi: da ita suka tilasta caja iri ɗaya, har iPhone 15 ya fito da USB-C a 2023, mu ma muka ci arzikin. Da wata dokar kasuwa kuma suka sa Apple ya yarda da wasu kantunan manhaja tun Maris na 2024, sai dai wannan dokar a ƙasashen Tarayyar Turai kaɗai take aiki. IPhone iri ɗaya, a Faris yana da ƙofa biyu, a Yamai ɗaya. Nijar ita kaɗai ba za ta girgiza kowa ba, gaskiya ne. Amma kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka na Transsion ne, uwar Tecno da Itel da Infinix, kamfanin da a nahiyar nan ya yi ƙiba, kuma masu kula da sadarwa na Afirka ta Yamma suna da majalisarsu, WATRA, inda suke haɗuwa. A fom ɗin da mai shigo da waya ke cikewa ana tambayarsa zango, ana tambayarsa ƙarfin aikawa. A ƙara layi biyu. Na farko, shekara nawa kamfani ya ɗau alkawarin aiko da gyaran tsaro ga wannan samfuri, tunda wayar da aka daina yi wa gyara ita ce ɓarawo ya fi samun sauƙin shiga. Na biyu, shin mai wayar zai iya ɗora manhajar da ya zaɓa, bayan gargaɗi bayyananne da harshen da yake ji, ba tare da neman izinin wani a wajen ƙasar ba? Wanda ya amsa a'a, kada a buga masa hatimi.